Yarana sun riƙe misali sun saki dalili, ina mafita?

Ustaz na Maiurno, daga Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace.

Ni malamin lissafi ne. Shekara 11 na yi ina koyarwa a garinmu Maiurno na ƙasar Sudan, bakin kogin Bahar Azraƙ, garin da kakanninmu suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yaƙi ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024 muka kwashi yara da tsofaffi muka yo gabas, har Allah ya sauke mu a Gadarif. Yanzu a ƙarƙashin rumfar zana nake karantar da yaran unguwa, su 34, yawancinsu 'ya'yan masu gudun hijira irinmu. Allonmu tsohuwar ƙofa ce da muka shafa wa baƙin fenti.

Makon jiya muka shiga babin riba cikin ɗari. Na rubuta musu: ɗan kasuwa ya sayi buhun dawa fam (kuɗin Sudan) dubu 100, ya sayar dubu 120, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Muka yi tare, amsa 20. Na ƙara wani, ya saya dubu 100 ya sayar dubu 135, kafin in rufe baki sun ce 35. Raina ya yi fari, na ce yau kam karatu ya zauna. Ranar Laraba na gwada su: ya saya dubu 50, ya sayar dubu 70. Yara 27 suka rubuta 20. Uku kaɗai suka kawo 40, sauran huɗun suka bar wurin fayau.

Washegari na ajiye misali gaba ɗaya, na rubuta ƙa'ida: a raba riba da kuɗin saye, a ninka sau 100. Na feɗe musu ita gaɓa-gaɓa. Da na juyo daga allo, idanunsu na kaina amma hankalinsu ya bar rumfar. Wani yaro mai ladabi, wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ya ce, "Ustaz, na ran nan mun fi ganewa." Alhali na ran nan ɗin ne ya kai su rami.

Da a aji kaɗai abin ya tsaya da ban dame ku ba. Ni kaina irin ramin nan na faɗa a daminar da ta wuce. Wani maƙwabcinmu ya noma riɗi bara waccan, ya kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya dawo da kuɗin da ya gyara ɗaki ya aurar da 'yarsa. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Ni da ɗan kawuna muka haɗa ɗan abin da muka tsira da shi, har da 'yan kunnen matata, muka kama hayar gona faddan 10 (faddan ma'aunin fili ne, kusan eka ɗaya), muka zuba riɗi. Iri ɗaya da nasa, lokacin shuka ɗaya. Abin da ban duba ba shi ne gonarsa a kan tudu take, tamu kuwa a kwari, ga baƙar laka irin ta nan wadda in ta sha ruwa sai ta rufe. A watan Agusta ruwa ya kwana uku a tsaye a cikinta. Na shiga har idon sawu, na tuge guda ɗaya, ganyen ya yi rawaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Abin da muka yanka bai mayar da kuɗin haya ba.

To ga tambayata. In na bi misali ya yaudare ni, in na bi nazari tsagwaronsa ba ya shiga kan yaro, ni ma sau da yawa ba ya motsa ni in yi aiki. Da wanne mutum yake tunani a gaskiya? Wanne ake farawa da shi? Kuma ta yaya zan gane misalin da zai kai ni gida da wanda zai ɓatar da ni, tun kafin in zuba kuɗi ko in ɓata wa yara mako guda?

Ɗalibi a Madina

Wa alaikumus salam Ustaz. Allah ya mayar da alheri, ya mayar da ku gida lafiya. Ni ƙaninka ne a shekaru da ilimi, abin da muke karantawa a usulul fiƙhi, wato ilimin hanyoyin fitar da hukuncin shari'a, kawai zan kawo, don da na karanta labarin gonar sai na ga kamar darasinmu ne aka shimfiɗa a ƙasa.

Malaman nahawu sun raba abu biyu da mu muke haɗewa. Akwai misali, akwai shahidi. Misali kai ne kake ƙirƙirarsa don ka haska ƙa'ida, kamar "Zaidu ya bugi Amru" da kowa ya sani. Ba ya tabbatar da komai, fitila ce kawai. Shahidi kuwa magana ce da aka ji daga bakin waɗanda ake kafa hujja da harshensu, shi ake gina ƙa'ida a kansa. Ribar maƙwabcinka ta isa ta nuna maka cewa riɗi yana iya yin kuɗi a Gadarif. Ba ta isa ta nuna zai yi a gonarka ba.

Abin da ka yi ƙiyasi ne, wato auna abu da makamancinsa, kuma ƙiyasi rukunai huɗu gare shi: asali, reshe, hukunci, da illa, wato dalilin da ya sa hukuncin ya hau kan asalin. Gonarsa asali, taka reshe, riba hukunci. Illar ce ba a nema ba. Malamai suna da hanyar nemanta da suke kira sabru da taƙsimi: ka jero duk siffofin abin, ka riƙa zubar da waɗanda ba su ba ne. Me ya haramta giya? Don ruwa-ruwa ce? Madara ma haka take. Don ja ce? Ga karkade nan kuna sha kullum. Don daga inabi take? Ruwan inabi sabo halal ne. Sai bugarwa ta rage ita kaɗai. Ka lura, kowace siffa da wani misali aka kore ta. Nazarin ma da misalai yake tafiya.

Kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, haka ya yi da mutumin da ya zo cikin damuwa cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Jajaye. Akwai mai launin toka a ciki? Akwai. Daga ina ya zo? Mutumin da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta jawo shi daga kakanni. Sai aka ce masa ɗanka ma wataƙila haka ne. An ɗauko misalin daga garkensa, aka bar shi ya furta illar da kansa. A Suratul Ankabut aya ta 43 Allah ya ce yana buga misalai ga mutane, amma babu mai hankaltarsu sai masu ilimi. Jin misali daban, hankaltarsa daban.

Game da tara misalai da yawa, a littattafan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani, ana gargaɗi da misalin kada. An ce mutum zai duba ɗan Adam da doki da kyanwa da sa, ya yanke cewa kowace dabba muƙamuƙin ƙasa take motsawa in tana tauna, sai ga kada yana motsa na sama. A ganina Ustaz, ka fara koya wa yaran neman illa, misali ya biyo baya.

Kawu mai ritaya, Wad Madani

Ɗana Ustaz, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara 33 da alli a hannu kafin in ajiye, don haka ka yi haƙuri zan faɗa maka kai tsaye. Yaran nan 27 ba su yi kuskure a tunani ba. Abin da ka koya musu shi suka mayar maka.

Koma ka dubi misalanka biyu. Duka kuɗin saye 100 ne. In kuɗin saye 100 ne, ribar da kashinta cikin ɗari lamba ɗaya ce, rabawar da ninkawar sun cinye juna, ba a ganinsu. Yaro ya ga 120, ya ga 100, ya ga 20. Ya ga 135, ya ga 100, ya ga 35. Wace ƙa'ida mai hankali zai fitar in ba "a ɗebe ƙarami daga babba" ba? Sun yi nazari, kuma nazari mai kyau, a kan kayan da ka ba su. Ka zaɓi 100 don ka sauƙaƙa musu, sauƙin ya haɗiye darasin. Irinsa ne malamin da zai koyar da ninkawa da 2 sau 2, yaro ya tashi bai san bambancinta da tarawa ba, tunda duka 4 suke bayarwa.

Dubi yadda Alkawarizmi ya yi a littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820. Ya ce wata lamba an ninka ta da kanta, an ƙara mata ninkinta 10, aka sami 39. Raba 10 biyu, 5. Ninka 5 da kanta, 25. Tara da 39, 64. Tushen 64 shi ne 8. Ɗebe 5, saura 3. Gwada ka gani, 9 da 30, 39 cif. Abin da nake so ka lura da shi, babu lambobi biyu a hanyar nan da suka yi kama da juna, don haka kowace kana iya bin sawunta ka san inda ta fito. Bai kuma tsaya nan ba, ya zana murabba'i ya nuna da ido dalilin da ya sa ake raba 10 biyu, da inda 25 ɗin take cike gurbi. Misali ɗaya ne, amma an zaɓe shi, an kuma buɗe cikinsa.

Inda zan saɓa da ɗanmu na Madina, Allah ya yi masa albarka, shi ne maganar a fara da illa. Ga babba mai karatu, na yarda. Ga yaro ɗan shekara 12 da ya kwana bai ci ya ƙoshi ba, ka riga ka gwada ranar Alhamis ka ga sakamako. Ibn Haldun a littafinsa Muƙaddima ya ce a ba ɗalibi ilimi kaɗan-kaɗan, a bi fannin da shi sau uku, kuma a farkon lamari ba ya iya kama komai sai ta hanyar kusantarwa da misalan da ake gani ake taɓawa. Abin da na gani a aji bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ga abin da nake yi. Ba na ba da misali ɗaya, ba na ba da biyu masu kama. Sai in ba da biyu da suka bambanta a abu guda tak: ya saya 100 ya sayar 120, ya saya 50 ya sayar 70. Riba 20 nan, 20 can. Sai in tambaya, wanne ya fi cin kasuwa? In yi shiru. Yaran da iyayensu ke talla za su ce maka na biyun tun kafin su san dalili, daga nan sai ka ja zaren.

Su kuma manyan ajin, in ka ga sun fara yarda da abu don ya yi daidai sau biyar, ba su wannan da ake jingina wa Oila, masanin lissafi ɗan Siwizalan na ƙarni na 18. Ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta, ƙara 41. Daga 0 za ka sami 41, sai 43, 47, 53, 61, duk lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Haka za ta yi ta yi har 39, sau 40 a jere ba fashi. Ka sa 40, ta ba ka 1681, wato 41 sau 41. Na sha ganin yaro ya yi tsit a wurin nan, kuma ba ya mantawa.

Yaya Nas, Kasala

Salamu alaikum. Ustaz, ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma tambayarka ta taɓa mini wani miki.

Da aka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024, Kasala na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Na yi makonni a tantin masu amai da gudawa. Maganar da na fi ji daga bakin iyaye mata ita ce, "Ai wance ta sha jiƙon bagaruwa ta miƙe." Kuma ba ƙarya suke yi ba, wance ta sha, ta kuma miƙe. Abin da ba su sani ba, mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ciwon ba ya tsananta, da jiƙo da babu za su tashi. Wanda nasa ya tsananta kuwa, ruwan jikinsa na iya ƙarewa cikin sa'o'i. Shi ba ya dawowa zauren suna ya ce na sha ban warke ba. Misalan da ke yawo a gari na masu rai ne kaɗai. Maƙwabcinka da ya ci riba ya aurar da 'ya, kowa ya ji kiɗa. Mutum nawa ne suka zuba riɗi a shekarar suka yi asara suka shige ɗaki suka yi shiru?

Amma zan faɗa maka gaskiya, lissafi bai taɓa juya mini zuciyar uwa ba. Na sha cewa in an ba da ruwa da wuri, cikin mutum 100 wanda ake rasawa bai kai 1 ba. Sai ta gyaɗa kai ta ɓoye kwalbar jiƙonta a zani. Abin da ya yi aiki, wata robar ruwa ce da na huda a gindi. In cika ta, in ɗaga a gabansu tana zuba, in ce wannan ɗanki ne. Su ga tana motsewa. Sai in riƙa zuba ruwa ta sama da kofi, in ce ba hujin muke toshewa yanzu ba, tsere muke da shi. Daga nan in kama fatar cikin yaron in ja in saki, ta ga ta tsaya a tattare ba ta koma ba. A lokacin ne take karɓar kofin. In babu ƙullin gishiri da sukari na asibiti, sai a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da jiƙon wance da robata duk misalai ne. Nata sakamako kawai yake nunawa, tawa kuwa ana ganin yadda abin ke faruwa a ciki. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ɗan Masunta, Sinnar

Malam na Madina, Allah ya ƙara ilimi, ina da gyara a kan kada. Mu gidan su ne, a bakin madatsar Sinnar na tashi. Akwai ƙoƙon kan kada da kakanmu ya rataye a zaure, tun muna yara muke wasa da shi. Muƙamuƙin sama a manne yake da ƙoƙon kai, ƙashi ɗaya ne, ba ya motsi shi kaɗai. Na ƙasa ne yake da mahaɗa can baya, kamar na sauran dabbobi. Abin da ke faruwa, in ya kwanta shan hantsi haɓarsa na kan yashi, to in zai buɗe baki sai ya ɗaga kan gaba ɗaya. Wanda ya hango daga nesa zai rantse na sama ne ke motsi. Kuma ba wanda ke son matsawa kusa ya tabbatar.

Ɗalibi a Madina

Allah ya saka da alheri, Yayana na Sinnar. Wallahi ban sani ba, yadda na karanta haka na kawo, ban taɓa ganin kada ido da ido ba. Gargaɗin da malaman suke yi yana nan daram, lissafin 41 da Kawu ya kawo ya isa shaida. Amma misalin da aka ɗora shi a kai, ashe shi ma yana bukatar a je a duba. Zan kai wa malaminmu wannan magana. Kawu kuma na karɓi gyara game da yara.

Ustaz na Maiurno, daga Gadarif

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Kawu, maganarka ta yi mini nauyi a daren da na karanta ta, don mako guda ina ganin laifin yaran. Na je na duba tsohon littafin shirina da na fito da shi daga gida, babin nan duk shekarun da na koyar da shi da 100 nake farawa.

Jiya Lahadi na yi yadda ka ce. Na raba allo biyu, 100 zuwa 120 a dama, 50 zuwa 70 a hagu, na tambaya wanne ya fi cin kasuwa, na koma gefe na zauna. Da farko suka ce ɗaya ne. Sai wata yarinya da uwarta ke sayar da shayi a bakin tasha ta ce ba ɗaya ba ne, don mai dubu 100 in ya bi hanyar na hagu buhu biyu zai saya, ribarsa ta zama 40. Ban ce komai ba. Gardama ta kaure, har wani ya tashi ya zo allo ya rubuta 50 da 50, 20 da 20. Sai bayan nan na rubuta ƙa'idar, kuma wannan karon da na juyo suna tare da ni. Na ba su ya saya 80 ya sayar 100. Yara 22 suka kawo 25. Takwas har yanzu 20 suka rubuta, huɗu ba su zo ba, an tafi da su yankan dawa.

Yaya Nas, tambayarki ta hana ni sukuni, sai da na bi unguwa ina tambaya. Na sami mutum uku da suka yi asarar riɗi a shekarar da maƙwabcina ya ci riba, biyu daga cikinsu a kwari suka shuka. Ɗayan muna sallah sahu ɗaya da shi kullum, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya ce da na zo wurinsa da ya ce mini in zuba dawa.

Da za a tashi, yarinyar nan ta tsaya ta ce, "Ustaz, in sukari ya hau da kashi 20, bayan wata ɗaya ya sauka da kashi 20, ya koma kuɗinsa na da ke nan? Ummata ta ce bai koma ba, ni kuma na ce ya koma." Na ce ta je ta gwada da 100, sannan ta gwada da 50, ta zo mini da abin da ta samu da kuma dalilinsa. Gobe ita za ta hau allo.